Zani Uku a Tsakiyar Bazara

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi jegonta, a wani ƙauye cikin gundumar Janfalan ta ƙasar Ikara. Aure ne ya kai ni Gazara, wajen Makarfi, inda nake koyarwa a firamare, maigidana kuma yana noman rake. Da cikin ya shiga wata takwas sai Inna, mahaifiyata, ta aiko ƙanin Baba ya ɗauko ni, kamar yadda aka saba yi wa mai haihuwar fari. Tsakiyar bazara ce. Tun da hantsi kwanon rufin ɗaki yake fara ƙara saboda zafi, ruwan randa ma in ka sha sai ka ji shi da ɗumi.

Kafin in taho na daɗe ina zuwa awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Akwai wata dattijuwar malamar asibiti da take tara mu a baranda bayan an gama gwaji, ta fito da 'yar tsanar roba wadda hannunta ɗaya ya ɓalle, ta riƙa nuna mana yadda ake kwantar da jariri. Rigingine, in ji ta, ko da rana ko da dare. Shimfiɗar ta zama mai tauri, babu matashi, babu tarkacen tsumma kusa da fuska. In za a naɗe shi, zani ɗaya marar nauyi ya isa, kada ya haura kafaɗa, a bar wa ƙafafu wurin motsi, a kuma bar sararin da yatsu biyu za su shiga tsakanin zanen da ƙirji. Mata suna ta dariya saboda 'yar tsanar, ni kuwa da halin malamanta, na rubuta komai a bayan littafin da nake shirya darasi. Na sa littafin a ƙasan akwati na taho da shi.

Ranar wata Alhamis na haifi 'ya mace a asibiti a Ikara, kafin magariba muna gida. Inna ta karɓe ta daga hannun goggona tun a ƙofar ɗaki. Ta yi mata wanka, ta gasa mata cibiya, ta sa mata riga da wando da safa da hular ulu. Ta naɗe ta da zani tamau har wuya, ta ƙara da shawul, ta kawo wani zanen ta lulluɓe. Sannan ta kwantar da ita a gefenta, kusan rub da ciki, ta tokare ta da matasai biyu. Kaskon garwashin da aka yi gashin cibiya da shi aka bar shi a kusurwar ɗaki, aka saki labulen taga. Ni da nake zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji kawai, zufa nake yi har tana ɗiga daga haɓata.

Ban ce komai ba. Wanda bai taso a wurinmu ba, zai yi mamakin wannan, amma 'yar fari ba a nuna an san da ita. Ba ki kiran sunanta, ba ki ɗaukarta gaban manya sai an miƙo miki ita don nono, shi ma sai kin kawar da kai kamar an tilasta ki. In ta yi kuka kika zabura, matan gida sun sami abin tsokana na mako guda. Haka na ga an yi wa yayyen ƙawayena, haka ni ma na taso ina ganin Inna ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke". Saboda haka na zauna ina satar kallon ƙunshin zannuwan nan, ina lissafin abin da ke rubuce a littafina, ina ganin babu ko ɗaya da aka bari ba a saɓa ba.

Sai a kwana na uku na samu muka keɓe, na yi ƙasa da murya na ce, "Inna, a wajen awo fa sun ce a riƙa kwantar da jariri rigingine. Kuma wai kayan in sun yi yawa..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Tana ninke tsumma, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rigingine? Ya yi tumbuɗi ya koma masa ya shaƙe shi? Ke, ku shida na raina da hannun nan, wanne ne a cikinku ya nakasa? Jinjiri ba shi da jini, sanyi yake ji ko ke kina jin zafi. In sanyi ya shiga haƙarƙarinsa, su masu awon za su zo su taya ki jinya?"

Na ce, "A'a, Inna."

Daga ranar muka shiga wani irin yaƙi da babu magana a cikinsa. In ta fita tsakar gida wajen tukunyar ruwan wanka, sai in lallaɓa in cire shawul, in zare hular, in juya yarinyar rigingine, in ture matasan. In ta dawo sai ta tsaya ta dube ta, ta dube ni, ta mayar da komai yadda yake. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ni ma ban sake ɗaga maganar ba. Goggona, ƙanwar Baba, wadda ta zo taya mu zaman jego, ita ce ta fara ganewa. Wata rana ta yi dariya ta ce, "Wannan jinjira ta fi amarya sauya kaya." Babu wanda ya taya ta dariyar.

A lokacin abin da na ɗauka shi ne taurin kai ne irin na tsofaffi, da ƙyashin a ce 'yar da ka haifa ta zo tana koya maka raino. Har haushinta na riƙa ji a ɓoye, ina istigfari. Na lura dai da wani abu da ban ba shi muhimmanci ba: Inna ba ta iya zama minti goma ba ta leƙa ɗakin ba. Tana tsakiyar tuƙa tuwo za ta ajiye muciya ta shiga, ta ɗora tafin hannunta a bayan yarinyar, ta tsaya shiru, sannan ta fito.

Aka yi suna lafiya. Kwana biyar bayan suna, wasu malamai mata da muke koyarwa tare suka zo mini barka daga Gazara. An shimfiɗa musu tabarma a rumfar tsakar gida saboda ɗakin ba ya zaunuwa. Sun ga jaririya, sun sa mata albarka, Inna ta mayar da ita ɗaki ta shirya ta yadda ta saba. A daidai lokacin aka aiko cewa maƙwabciyarmu tana naƙuda, kuma duk unguwar in haihuwa ta zo Inna ake kira. Ta yafa mayafi ta ce yanzu za ta dawo.

Muka yi sallar azahar, muka ci abinci, hira ta yi daɗi. Suna ba ni labarin makaranta, wane aji ne rufinsa ya yaye, wa aka yi wa canjin wurin aiki. Can sai na ji nonona ya cika har yana tsatsafowa ta cikin riga. Na duba inuwar katanga na ga ta yi nisa. Yarinyar ba ta taɓa yin barci mai tsawon haka ba tare da ta nemi nono ba. Raina ya ce in tashi. Na dubi baƙina, na dubi goggona da ke zaune tana tsinke zogale, na ji nauyin a ce na bar mutane na tafi duba 'yar fari. Na ƙara zama. Ban san ko minti nawa na ƙara ba, kuma har yau ba na son in ƙiyasta. Daga baya na ce bari in ɗauko musu goro a ɗaki.

Da na ɗaga labule, zafin ɗakin ya buge ni a fuska. Yarinyar ta zame daga gefen da aka kwantar da ita, rabin fuskarta ya nutse cikin matashi, gefen shawul ɗin kuma ya hau kan hancinta. Na fizge shi. Fuskarta ta yi jawur, gashinta ya jiƙe sharkaf a ƙarƙashin hula, numfashinta yana fita da sauri-sauri. Na ɗaga ta na ji ta yi laushi, ba ta buɗe ido ba. Ban san lokacin da na ƙwala kiran Inna ba, da muryar da aka ji har gidan maƙwabta.

Ta shigo da gudu, hannunta ko wankewa ba ta gama yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi matashin da ramin da fuskar yarinyar ta bari a jikinsa. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Sai ta karɓe ta, ta durƙusa a dokin ƙofa inda iska take, ta shiga warware zannuwan. Ta kasa kwance ƙullin da ita da kanta ta yi, sai da ta sa haƙori. Ta cire hula, ta cire safa, ta cire riga, tana salati, goggona tana yi mata fifita da faifai. Yarinyar ta motsa, ta yi wani ɗan kuka siriri, sannan ta buɗe baki ta tsala ihu. Na zauna a ƙasa gaban kowa na ba ta nono, ban kawar da kai ba.

Duk da haka ba ta kama da ƙarfi ba, don haka ƙanin Baba ya samo mota muka tafi asibiti. Wata matashiyar ma'aikaciya ta auna zafin jikinta, ta saurari ƙirjinta, ta buɗe wuyanta ta nuna mana ƙurajen zafi da suka feso a cikin lanƙwasar fata. Ta ce zafi ne ya yi mata yawa, a ci gaba da ba ta nono a kai a kai, kada a ba ta ruwa, kuma mu zauna tukuna su ga yadda za ta yi. Da ta tambayi kayan da aka sa mata, Inna ce ta lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko safa ba. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mama, kun yi ne don kada ta ji sanyi, na sani. In kuna son ku gane, ku taɓa ƙirjinta ko ƙeyarta. Hannu da ƙafar jariri kullum da ɗan sanyi suke, suna ruɗin mutane." Ta kuma ce jariri mai lafiya in yana rigingine ya yi tumbuɗi, da kansa yake juya kai ko ya haɗiye. Inna ta ce, "To." Kafin magariba zafin jikin ya sauka, ta sha nono sosai, aka sallame mu.

Washegari da safe ta kira ni wanka kamar kullum. A bayan ɗaki ake yi, ina zaune a kan kujera 'yar tsugune, ita tana tsaye a bayana, tana tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya. Ta yi kamar sau biyar, sai na ji ta tsaya.

"Ke, kin san ba ke ce ta fari ba."

Na san an taɓa haihuwar wani kafin ni, bai zauna ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba daga bakinta na ji ba. Na ce, "Na ji an ce haka, Inna."

"Namiji ne. A gidanmu na haife shi, can wajen Taba, da damina, ana ta marka. Kwanansa goma sha tara." Ta tsoma ganyen a ruwa ba ta fito da shi ba. "Ranar, kakarku ta yi masa wanka ta naɗe shi, ta kwantar da shi rub da ciki a kan katifar auduga, ta lulluɓe shi saboda ruwan da ake yi. Muna zaune a ɗakin girki da matan gida ana ɓarar gyaɗa. Tun azahar raina yake ce mini in je in duba shi. Sau biyu ina miƙewa, matar yayana tana cewa, 'Ina zuwa, uwar ɗa?' Sai a yi dariya, in koma in zauna. Sai da aka kira la'asar na shiga."

Ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganin tawa. Ina jin da ba don haka ba, da ba ta iya faɗa ba.

"Suka ce sanyi ne ya shige shi. Kowa haka ya ce, ni ma na yarda. Ko kuka ban yi a gaban mutane ba, ɗan fari ne, sai in zaga bayan rumbu. Tun ranar na ɗaukar wa kaina alkawari cewa babu ɗan da zan ƙara riƙewa sanyi ya taɓa shi." Ta juya ganyen a cikin ruwan. "Jiya da na shigo na ga matashin nan... haka na same shi. Fuskarsa a cikin katifa. Haka."

Tururi yana tashi daga bahon, kaji suna tone-tone a gindin katanga. Ta ce, "Ke da kika yi karatu, gaya mini. Ba sanyi ba ne, ko?"

Na yi shekaru ina juya wannan tambaya. A daidai lokacin duk abin da na rubuta a littafina yana kan harshena, kuma kwana goma sha biyu na yi ina jiran ranar da Inna za ta tambaye ni. Ga ranar ta zo, na ji ba na so. In na ce mata ba sanyi ba ne, na ɗora mata kayan da za ta ɗauka har ƙarshen rayuwarta, ita da mahaifiyarta da ke kabari, alhali abin da suka sani ke nan, kuma don ƙauna suka yi. In na ce sanyi ne, na yi ƙarya, kuma gobe za ta ƙara naɗe wani jaririn haka. Sai na tuna dattijuwar malamar nan ta taɓa gaya mana cewa akwai jariran da ke tafiya cikin barci, likitoci su yi iya bincikensu ba su gano dalili ba, abin da aka sani kawai shi ne kwanciyar rigingine da rage kaya suna rage faruwar hakan.

Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Su kansu likitocin ba kullum suke sani ba. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na san kwanansa ne ya ƙare," in ji ta. "Ba shi na tambaye ki ba."

Ta taɓa ruwan ta ce ya huce, ta koma murhu ta ɗebo wani.

Da muka koma ɗaki ta buɗe akwatinta ta fito da wata tsohuwar atamfa da wanki ya cinye har ta yi laushi kamar auduga, ta yage ta biyu. Ta ce, "Nuna mini yadda suka ce." Na shimfiɗa zanen, na kwantar da yarinyar, na naɗe ta daga kafaɗa zuwa ƙasa, abin da ban taɓa yi a gabanta ba. Kafin in ɗago, yarinyar ta yi shure-shure biyu, naɗin ya watse. Inna ta yi tsaki ta ce, "Matsa. Wannan ai ko ƙullin daddawa ba a yi haka." Ta sake shi da hannunta, ta soke bakin zanen a bayan yarinyar inda ba zai kwance ya hau fuska ba, ta bar ƙasan a sake. Ta zura yatsunta biyu a ƙirjin ta dube ni. Na ce haka ne. Ta fitar da kaskon garwashi da kanta, ta ɗage labulen taga, ta kwashe matasan ta ɗora a kan akwati.

Hular ce kawai muka yi ciniki a kanta. Ta ce da sassafe in an fito da ita tsakar gida sai an sa mata, in za ta yi barci a cire. Na yarda. Baba ya je kasuwar Ikara ya dawo da ɗan ƙaramin gadon katako a bayan mashin, aka sa masa siririyar katifa mai tauri, aka ajiye shi jikin gadona yadda gidan sauro ɗaya zai rufe mu. A makon farko Inna ba ta sami natsuwa ba. Duk tumbuɗin da yarinyar ta yi sai ta zabura, ta tsaya a kanta tana kallo har ta ga ta juya kai da kanta. Wata rana tana tsaye haka, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ki daina jin nauyina a kanta. In ranki ya ce ki duba ta, ki tashi ki duba, ko wa ke zaune."

Da muka yi arba'in ruwa ya riga ya sauka, an yi shuka. Inna da goggona suka raka ni Gazara. Surukata ta karɓi jikarta, ta taɓa ƙafarta, ta ce, "Subhanallahi, haka kuka ɗauko ta a mota da zani ɗaya?" Ta miƙa hannu za ta jawo bargo. Ni ba ni da bakin magana a gaban surukata. Inna ta ce, "Yaya, zo mu shiga ciki, ina da magana." Suka shige ɗaki suka saki labule, suka daɗe. Ban san abin da ta gaya mata ba, ban kuma tambaya ba. Da suka fito idon surukata ya yi ja, ta ce a nuna mata inda za a ajiye gadon.

Yarinyar tana gab da wata uku ta fara yunƙurin juyawa, na daina naɗe ta gaba ɗaya kamar yadda aka gaya mana, sai riga mai dogon hannu in an yi ruwa. Yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo. Na haifi uku bayanta.

Inna ta tsufa, gwiwa ba ta barinta ta durƙusa wankan jarirai, amma har yanzu in an haihu a unguwa sai an zo an ɗauke ta ta je ta gani. Wasu suna jin maganarta, wasu suna cewa to, in ta fita su mayar da bargonsu. Ba ta faɗa da kowa. Bara matar ƙanina ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Kudan da wani ƙaton shawul mai gashi, sabo a ledarsa, ta ce tun cikin yana wata huɗu ta saye shi. Ina wurin. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta shafa shi, ta yaba laushinsa, ta yi godiya har sau uku. Sannan ta miƙa wa matar ƙanina ta ce, "Adana masa shi da kyau. In ya fara zama, a shimfiɗa masa a tsakar gida ya yi wasa a kai." Ta juya ga baƙuwar ta ce, "Hajiya, matso kusa da ni, ki ba ni labarin hanya."